Zuwa ga Farin Beyar na Buza

Ɗan Lukuti, taubashina, ka ci ka ƙoshi? Tambayar banza ma na yi, yaushe rabon duniya da ƙoshinka.

Labari ya iso mu Madawa cewa tun da ka ga farin beyar ɗin nan na ƙasar ƙanƙara a waya, ka raɗa wa kanka sunansa, ni kuma wai ƙwaron fitila ne, ɗan malam-buɗe-littafin dare. Na karɓa hannu bibbiyu. Zauna a yi awo, in tabarmar za ta ɗauke ka.

Girma dai ban yi musu ba. Namijin beyar yakan kai kilo 600, kai ma in ba ka rabu da furar rana ba kana hanya. To amma shi a kan ƙanƙara yake kwana, ya yi iyo cikin teku mai sanyi, ya tsare bakin rami yana dakon abin farauta. Kai kuwa da hunturu ya busa a Janairu sai bargo biyu da kaskon wuta, ruwan alwala ma sai Hajiya ta ɗumama. Ba laifinka ba ne, jiki ne na hutu.

Yanzu ga dangina. A can Girinlan da arewacin Kanada, maƙwabtan gwanin naka, akwai wani ɗan malam-buɗe-littafin dare da tsutsarsa mai gashi kan yi kimanin shekara 7 kafin ta yi fiffike. Duk sanyi sai ta daskare ƙam, rana ta dawo ta narke, ta ci ganye 'yan makonni, ta sake kwanciya. Ba kitse, ba bargo, ba ƙorafi.

Kai, me ya kai mu nesa? Ka san murzuna. Uwarta, 'yar dangina ce ita ma, tana bin dare ta zuba ƙwai a kan zangarniyar hatsi, 'ya'yan su bi ta suna murɗawa, sai ka ga zane ya kewaye ta, ido babu. Su gama su sauka ƙasa su ɓuya duk rani, sai wata damina. Bara wa na gani a bakin rumbu ya riƙe haɓa, yana ƙirga dami da yatsun hannu ɗaya? Ban faɗi suna ba. Kuma da masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka tashi nema mata magani, ba ƙato suka ɗauko ba. Wani ɗan mitsitsin zanzaro suke saki a gonaki daga cikin 'yan jakunkuna, shi yake gamawa da ita.

Kada ka kumbura, wurin ya riga ya cika. Ka san ba ni da kamarka. In kana da amsa ka rubuto, in babu ka aiko da buhun albasa da kuɗin sharar bana, mu yafe maka.