Shiga Vim ba wuya, fitowa ce aiki

Mai amfani da Linux yakan ji kansa sarki, har ranar da ya taɓa /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta faifan da za ta haɗa idan an kunna ta. Harafi ɗaya ya kauce, sai ta ƙi tashi, ta bar shi da baƙin allo.

Gyaran ba wuya.

Ya buɗe fayil ɗin da Vim, manhajar da Bram Moolenaar ya fitar a 1991, ya goge kuskuren. To, ina ƙofar fita? Sai an danna Esc, an rubuta :wq, kuma ba mai gaya wa baƙo. A 2017 shafin tambaya da amsa na Stack Overflow ya sanar cewa an duba tambayar yadda ake fita daga Vim sau miliyan 1. Wanda haƙurinsa ya ƙare kuwa, soket yake zarewa.