Masu Farautar Sa Hannun 'Yan Sama Jannati

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A Amurka da Turai akwai waɗanda kiwonsu shi ne tara sa hannun 'yan sama jannatin farko, kuma ba halinsu ɗaya ba.

Akwai Mai Cika Lissafi. Mutum goma sha biyu ne suka taka duniyar wata tsakanin 1969 da 1972, shi kuwa sa hannun mutum sha ɗaya ya mallaka. Wanda ya rage ɗin kusan kullum Neil Armstrong ne, domin tun 1994 ya daina sa wa kowa hannu da ya ga an mai da abin haja. Ka yaba wa bawan Allahn nan sha ɗayansa, ya amsa kamar ka zo masa ta'aziyya.

Sai Malam Tantama, mai ɓata biki, wanda ba ya rabuwa da gilashin ƙara girman rubutu. Ya san cewa a shekarun 1960 wasiƙu sun yi wa hukumar NASA yawa, har ta riƙa amfani da na'urar Autopen tana zana sa hannun jaruman a kan hotuna. Ka kawo masa hoton da kakanka ya ɓoye shekara hamsin a ƙasan akwati, ya kanne ido ɗaya, ya ce kaurin tawadar bai canza ba daga farko har ƙarshe, ga ɗigo inda alƙalami ya tsaya cak. "Inji ne." Da kalma biyu ya kashe gadon gida. Abin haushi, yawanci shi ke da gaskiya.

Ɗan kasuwar cikinsu bai san bambancin shirin Gemini da na Apollo ba, amma ya haddace shekarun kowane tsoho cikin 'yan sama jannatin, yana kasa kunne ya ji wa aka kwantar a asibiti. Gwanayensa su ne Gus Grissom, da gobarar Apollo 1 ta ci a 1967, da Yuri Gagarin da ya rasu a haɗarin jirgi a 1968, tunda hannunsu ba zai ƙara taɓa takarda ba. Idan ka ce masa wannan ai rashin tausayi ne, zai tuna maka cewa masu abin ma sun san kasuwar: 'yan Apollo 11 sun sa hannu a ɗaruruwan ambulan kafin su tashi, don iyalansu su sayar in tafiya ta zama ba dawowa. 'Yan Apollo 15 kuwa sun wuce gona da iri a 1971, suka tafi da ambulan kusan 400 ba izini, wani dillali a Jamus ya sayar da kusan 100 daga ciki. Su ukun babu wanda ya sake hawa kumbo.

Wanda na kasa samar wa suna shi ne mutumin da ya biya wani wanzami a jihar Ohayo dala 3,000 ya karɓi gashin da aka aske wa Armstrong. Sai da mai gashin ya yi barazanar zuwa kotu a 2005.

Kada mu yi dariya da yawa. A zamanin shirin Mercury, farkon shekarun 1960, NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano. Wanda tsohonsa ya yi aiki a can ya bar hoto mai sa hannu, ya ciro shi daga adaka kafin gara ta riga shi. Amma ya ci ya ƙoshi kafin ya kai wa Malam Tantama.