Yadda Ake Tsallake Hunturu da Sauran Mutunci

Ba zan ɓata maka lokaci da cewa ka rufe ƙirji ka sha ruwan ɗumi ba, wannan ko kakarka ta gaya maka. Mu da muke tari tun ƙarshen Nuwamba, tun da iska ta fara kwaso ƙurar Bodele daga arewacin Chadi tana juye mana a maƙogwaro, mun wuce wannan aji.

Na ɗaya: sayi dogon wandon ciki, mai kama jikin nan da Turawa ke sawa a ƙarƙashin kaya. In a Kano kake, gwanjon Ƙofar Wambai za ka nufa. Kada ka wahalar da kanka wajen neman daidai da kai, domin mai shi na farko ya fi ka tsawon ƙafa da taƙi guda. Mai gwanjo zai ce, "Alhaji, in aka wanke zai koma." Ba zai koma ba. Naɗe shi za ka yi, naɗin kuma ya riƙa leƙowa ta ƙasan wandon shaddarka yana gaisawa da jama'a.

Da asuba za ka sa masa albarka, ban musa ba. Rigimar daga wurin alwala take farawa: bakin ƙafar ya cije idon sawu, kana ja sama yana zamewa ƙasa, har ya sha ruwa, ka shiga sahu da jiƙaƙƙen wando a cikin sanyin da ka saye shi dominsa. Sannan hunturu ba shi da alƙawari. Garin da ka fito kana kaɗa haƙora, kafin azahar zafinsa ya doshi digiri 30. Ga ka a cikin A Daidaita Sahu, mutum uku a kujera, gumi na bin cinyarka, ƙaiƙayi ya taso a inda dattijo ba ya sosawa a bainar jama'a. A ina za ka cire? A bayin wurin aikinmu, wanda ba ƙusa ba sakata? Haka na wuni ranar Litinin ina murmushin dole, ina dahuwa daga ƙugu zuwa ƙasa kamar dankali a tukunya.

Na biyu: kada ka yi tari inda za a ji ka, saboda duk wanda ya ji ya zama likita. Mai shayi zai ƙara maka citta da kanumfari ba tare da ka tambaya ba. Mai gadi zai ce ka haɗiyi tafarnuwa ɗanya. Gwaggo kuwa ba ta shawara, umarni take bayarwa: "Ɗan nan, zo ka yi sirace." Ta lulluɓe ka da bargo a kan tafasasshen ruwa da man zafi, kana ihu tana cewa ciwon ne ke fita. Duk waɗannan na yafe musu, aƙalla hanci yana buɗewa na ɗan lokaci.

Wanda ban yafe wa ba shi ne mai kemis ɗin da zai ƙirgo maka kafso ja da rawaya saboda majina. Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta ko kaɗan. Ka sha ko kar ka sha, mako guda zuwa kwana 10 za ta yi ta tafi abinta. Abin da kawai ka saya shi ne ranar da za ka buƙaci maganin da gaske ya ƙi yi maka aiki. Kuma tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin, amma har yau akwai masu rage murya su ce, "Akwai mai ƙarfin fa." Haba! Tari na kawo maka, ba maye na zo nema ba.

Na uku: basilin a leɓe da diddige. Shi ke nan.

Na huɗu, ko na biyar ne? Kaina ya yi nauyi. Kaskon gawayi dai, kar ka kwana da shi a rufaffen ɗaki. Nan ba raha nake yi ba: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. Zuma tana lafar da tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Tarin da ya wuce mako biyu kuma ba na gwaggo ba ne, a je asibitin gwamnati a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne.

Saura batun wankan safe. Na tanadi dogon bayani a kai, amma na duba fuskokin mutanen layinmu, duk fari fat, na ga ba wanda zai bi. Ni dai na sayi turare.