Gefen Kantu na Mai Yanka Ne

A gidanmu da ke Filinge, da azumi ya kama kowa ya san aikinsa. Uwargida ce ke wanke riɗi ta rege shi, don yashin Dallol Bosso ba ya jin kunyar kwanon kowa. Autarmu ce ke murje ɓawon gujiya. Ni kuwa, tsohon malamin lakwal da furfura har gemu, na naɗa kaina sarkin yanka. Ba wanda ya roƙe ni.

Hujjata ita ce kantu ba ya jira. Ana soya riɗi a busasshen kasko har ya fara tsalle, a narka sukari ya yi ja kamar zuma, a zuba riɗin da gujiya a juya, a juye kan tire da aka shafa wa mai, a murza da kwalba. Daga nan sai yanka tun da zafinsa. Ka tsaya amsa sallama, ya daskare, wuƙa ba ta cinsa. Na ce aikin na son hannu mai ƙarfi. Abin da ban faɗa da ƙarfi ba shi ne dokar da na kafa: duk gefen da bai miƙe ba, na mai yanka ne. To, ni da na tsufa ina koya wa yaran Kurfai jan layi a allo, da na kama wuƙa sai hannuna ya karkace. Tire guda, gefensa ya kusa cika gwangwanin madara, in ɓoye shi bayan littattafai sai an sauko daga asham.

A azumin 2024 asirina ya tonu. Watan ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, iyakar Benin a rufe, kowa na kukan tsadar sukari. Kwali biyu na sukarin azumi da surukinmu ya aiko daga Yamai, uwargida ƙirga ƙwayarsa take. Wata la'asar ina tsakar yanka, ɗan guntu ya manne mini a yatsa. Hannu ya san hanyarsa. Sai da na haɗiye na ga auta ta zuba mini ido.

"Baba, an sha ruwa ne?"

Na tafi wajen malamin unguwarmu da fatan sassauci. Ya ce a mazhabar Malikiyya wanda ya ci da mantuwa a Ramadan babu kaffara a kansa, amma zai kame bakinsa har magariba, ya kuma rama yinin. Idan da gangan ne, wata biyu a jere ko ciyar da miskinai 60. Ya dube ni ya ce, "Malam, mantuwa ce dai ko?" Wallahi mantuwa ce. Abin da ya dame ni, sai da na ɗan yi tunani kafin in amsa.

Na rama bayan salla, yini guda cur saboda abin da bai kai farce ba.

Bana uwargida ta daina shimfiɗa kantu a tire. Dunƙula shi take da hannu, ƙulu-ƙulu kamar ƙwan zabo, ba gefe balle gutsure. Na ce ba haka iyayenmu ke yi ba. Ta ce, "Malam, iyayenmu ba su da gwangwani a bayan littattafai."

Jiya na nemi a ba ni aikin ƙirgawa. An ba auta.