Mas'alar Injin da Ya Gaji

Daga cikin mas'alolin da fuƙaha'un Gwandu ba su yi bayaninsu ba, duk da tarin littattafan da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar wa al'umma, akwai hukuncin tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, idan injinta ya fara shan baƙin mai fiye da fetur, yana tari tun asuba, yana turnuƙe hanyar Kalgo da hayaƙi har masu babura su bi direba da addu'ar da ba ta alheri ba.

Makanikai sun yi saɓani a kai har sun kasu mazhaba biyu. Ta farko ta ce a sauke shi a canza zobba da gaskit, hujjarta kuwa ita ce injin da ka san aibinsa ya fi wanda ba ka san asalinsa ba. Sai dai malamanta ba su cika ambaton cewa motar za ta shiga i'itikafi a garejinsu har damina ta wuce ba. Ta biyu ta ba da fatawar a sayo ɗan Beljiyam, wanda dillali zai rantse jiya ya sauka daga Kwatano, alhali kuwa isnadinsa mai rauni ne, domin babu adalin da ya shaida inda aka wanke shi da kananzir.

Mai motar kuwa, bayan ya saurari ɓangarorin biyu ya kuma shafa aljihunsa, sai ya ɗauki ƙauli na uku wanda babu malamin da ya ruwaito: ya ƙara baƙin mai, ya riƙa ajiye ta a gangara, ya ƙulla zumunci da samarin unguwa masu ƙarfin turi.