Kawu da Tikitin Banza

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da gwarzo ɗaya a duk faɗin Amurka: wani injiniya mai suna David Phillips, mutumin Kalifoniya. A 1999 wani kamfanin abinci ya yi tallar cewa duk wanda ya aiko da tambarin kayansa zai samu makin tafiya a jirgin sama. Phillips ya buga lissafi, ya bi kantuna ya kwashe ƙananan kofuna 12,150 na wani abin zaƙi dangin kastad a kan dala 3,140. Da masu kanti suka fara yi masa kallon mai taɓin hankali, sai ya ce tanadi yake yi saboda rikicin kwamfuta da ake tsoron zai zo da shekarar 2000. Ya tashi da maki sama da miliyan 1 da dubu 200, ya bayar da kastad ɗin sadaka, har aka rage masa haraji.

Kawu direban tasi ne a New York, yana zaune a Bronx. A bakin wani fasinja ya ji wannan labari, kuma tun daga ranar bai ƙara sayen ko tsinken sakace da tsabar kuɗi ba.

Man mota da kati, buhun shinkafa da kati, ragon layya ma sai da ya nemi mahaucin da ke karɓar kati. In abokansa za su sayi firji ko talabijin, sai ya ce su ba shi kuɗin a hannu ya biya da nasa katin, don makin ya faɗo masa. Da makin ya haura dubu 300, ya tara iyali a falo ya sanar cewa bana da hutun bazara su biyar za su je Kano, kuma ko sisi ba zai ba kamfanin jirgi ba. Matarsa Hajiya ta ɗago kai daga tsintar wake ta ce, "Alhaji, banza fa ba ta kai zomo kasuwa." Ya ce ita ba ta san Amurka ba. Daren nan ya aika saƙon murya zauren dangi na WhatsApp, yana shelar cewa shi yanzu kyauta yake hawa jirgi.

Harkar makin nan ta samo asali ne a watan Mayun 1981, lokacin da American Airlines ya fito da tsarinsa na AAdvantage, United ya biyo baya cikin 'yan kwanaki. Da farko sai ka hau jirgi kake samun maki. Yanzu kamfanonin sayar da makin suke yi ga bankuna, bankuna su raba wa masu katin bashi. Cinikin ba ƙarami ba ne: a 2023 Delta ya samu kusan dala biliyan 6.8 daga American Express kaɗai, kuma a 2020, da korona ta ajiye jirage a ƙasa, tsarin makinsa ya jinginar ya ciwo bashin dala biliyan 9. Abin da Kawu bai lura da shi ba shi ne, wannan adashi ne wanda uwar adashin ce ke faɗin ranar kwasa, ita ce kuma ke faɗin nawa zubinka ya zama a ranar.

Shi da tsohon jadawali ya yi lissafinsa, irin wanda a da ake bugawa kowa ya gani: maki kaza, ka ƙetare Tekun Atlantika. Delta ya janye nasa jadawalin tun 2015, United a 2019. Yau farashin hawa da sauka yake yi gwargwadon yawan masu nema, kuma babu lokacin da ake rububin ƙetare Atlantika kamar daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, lokacin da makarantu ke rufe. Kujerar da kamfani ya san zai sayar da tsada a Yuli, wane dalili zai sa ya bayar da ita a kan maki kaɗan? Gwanayen abin tun kusan kwana 330 kafin tafiya suke tsare kwamfuta, don a lokacin ne akasarin kamfanonin Amurka ke buɗe jadawalinsu. Wato mai son Yuli, tun Agustan bara ya kamata ya yi sammako.

Kawu a watan Mayu ya fara nema.

Ya kira ni a bidiyo in taya shi dubawa, tabarau a kan hanci. Ya rubuta mutum biyar, shafin ya nuna masa adadin da sai da ya cire tabarau ya goge. Ya rage zuwa huɗu, babu sauƙi. Da ya kai biyu sai ga kujeru masu araha sun bayyana, ranar Talata, a tsakiyar Yuli. Daga nan aka shiga muhawarar su wa za a bari a Bronx, muhawarar da Hajiya ta rufe da kallo ɗaya.

Ana cikin haka wani shafi ya nuna masa kujeru biyar reras a jirgin wani kamfanin Turai. Manyan kamfanoni ƙungiya-ƙungiya suke, Star Alliance da oneworld da SkyTeam, kuma makin ɗaya yana iya sayen kujerar abokin ƙawancensa. Kawu ya yi kabbara, ya tura rabin makinsa daga banki zuwa asusun kamfanin. Ya dawo zai biya, shafin ya ce babu kujerun. Dama can babu su, kwamfutar ce ba ta sabunta bayananta ba, abin da ke yawan faruwa tsakanin abokan ƙawance. Ya buga waya, aka jiƙa shi da kiɗan jira har ya idar da la'asar wayar na gefen darduma. Wadda ta ɗauka ta gaya masa cikin ladabi cewa maki in ya bar banki ba ya komawa.

Ƙarshenta Hajiya da ƙananan yara biyu aka saya musu tikiti da kuɗi, a farashin Yuli. Kawu da babban ɗansa suka samu na maki, bayan ya biya haraji da wani ƙarin kuɗi da wasu kamfanonin Turai ke ɗorawa a kan tikitin kyauta, mai kai ɗaruruwan daloli. Hanyar tasu New York zuwa Brussels, Brussels zuwa Frankfurt, sannan Abuja. Ya ce ai ƙarin yawon buɗe ido ne.

A filin jirgin JFK ma'aikaciyar ta juya koren fasfonsa ta tambayi bizar Shengen. Ya zaro katinsa na izinin zama a Amurka yana murmushi. Katin yana wadatarwa ga wanda zai sauya jirgi a filin jirgi ɗaya bai fita ba. Amma tashi daga Brussels zuwa Frankfurt tafiyar cikin gida ce a yankin Shengen, dole mutum ya ratsa ta gaban jami'an shige da fice, kuma mai fasfon Najeriya sai da biza. Yaron, haihuwar Bronx mai shuɗin fasfo, babu abin da ya hana shi wucewa.

"Baba, ko in yi gaba in gaishe su?"

Abin da Kawu ya amsa ba zai rubutu a mujalla ba.

Sun tashi bayan 'yan kwanaki ta wata hanyar da ta lashe ragowar makin da wani abu daga aljihu. Jirgin ya ƙetare teku ya yada zango a Lome, nan maƙwabta. Ya sake tashi, ya ratsa sararin samaniyar Najeriya Kawu na leƙe ta taga, ya nausa har Adis Ababa, sannan wani jirgin ya juyo da su yamma zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin ya ƙi shiga. Hajiya kuwa ta riga ta huta, ta zaga dangi, ta raba tsarabar da shi ya saya.

Washegari aka cika soro da masu sannu da zuwa, kuma ashe saƙon muryar nan ya yi nisa. Wani na son tikitin Dubai, wani ɗansa ya samu makaranta a Masar. Goggo, yayar kakana, ta sa aka kawo ta a adaidaita sahu, ta zauna ta kama hannunsa.

"Ɗan nan, an ce yanzu kyauta kake hawa jirgi. To ni Umara nake so azumi mai zuwa, ni da aminiyata."

Kawu ya buɗe baki, Hajiya ta riga shi daga bakin ƙofa.

"Ku aiko da fasfo, Goggo. Ai Alhaji ya san hanya."