Hamma, a Ce wa Goggo Ta Kwance Jakarta

Hustan, Jihar Teksas, Amurka

Hamma,

Ina fatan kuna lafiya. Ya iyali, ya zafin Jalingo? A gaida Adda da yara, da Baffa, da 'yan majalisar ƙofar gida. Ni ma lafiya lau, in ban da ƙafata ta hagu da ta shiga yajin aiki, kuma ita ce ta zaunar da ni har na samu sukunin rubuto maka.

Saƙonka ya iso cewa Goggo ta rantse ba wanda zai taɓa mata gwiwa sai likitan Amurka, tunda tana da ɗa a can. Har na ji ta haɗa jaka, ta sa kuka da daddawa a ciki. To ka samu lokacin da ta gama lazimi, ka zaunar da ita ka karanta mata wannan daki-daki.

Watan jiya ina saukowa daga bene na zame, ƙafa ta gurɗe. Da a Magami ne, da an ɗauke ni a Keke Napep zuwa wajen maɗori, ya ja, in yi ihu, ya shafa man shanu ya ɗaure, a ba shi abin da ya sawwaƙa. Amma nan maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya mai kirkin gaske, tana jin faɗuwata ta ɗauki waya za ta kira motar asibiti. Hamma, ina kwance ina roƙon matar nan kada ta kira. Ta zaci zafin ciwo ne ya taɓa mini kai. Ni kuwa lissafi nake yi, don na san 'yan ƙasar da kansu, mutum na jini zai kira Uber saboda tsoron kuɗin wannan mota. Kafin in gama magiya sai ga jiniya. Tafiyar da ba ta kai daga Sabon Gari zuwa babbar kasuwa ba.

Gaskiya dai a faɗe ta: asibitin ya haɗu. Ba wanda ya aike ni kemis in sayo safar hannu da sirinji, ba a ɗauke wuta ba, ba a ce likita ya tafi ɗaurin aure ba. Ba kuma wanda ya ce in ajiye kuɗi kafin a taɓa ni, domin tun 1986 suna da dokar da ta hana sashen gaggawa korar wanda ya zo a matse don ba shi da kuɗi. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce targaɗe ne, aka naɗe ƙafar, aka ba ni sanduna biyu da ƙwayar da ba ta fi Panadol ba. Nas har da yi mini murmushi. Na dawo gida ina sa wa Amurka albarka.

Bayan mako uku takardu suka fara sallama, ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan biki. Ta asibiti daban. Ta likita daban, kamar ba a cikin asibitin na same shi ba. Ta wani bawan Allah da ya kalli hoton ƙafata, wanda har yau ban san kamanninsa ba, daban. Motar jiniya ita kaɗai dala 1,300. Da na haɗa jimla ta haura dala 5,000. Kada ka buga da canjin yau a gaban Baffa, ka san hawan jininsa.

Za ka ce ai na taɓa gaya maka ina da inshora. Ina da ita. Bari in kwatanta maka da adashi. Kowane wata kana zubi, ba fashi. Ranar da kwasarka ta zo, sai uwar adashi ta ce madalla, amma ƙa'ida ita ce sai ka fara kashe dala 4,000 daga aljihunka a wannan shekarar, sannan ta buɗe asusu. In ka kashe ɗin ma, ba duka za ta biya ba, raba ɗawainiya za ku yi. Sannan tana da jerin likitocin da ta sani, in ka je wa wanda ba ta sani ba, kai ka jiyo. Da shekara ta juyo kuma a koma farko. A Jalingo matar da ta yi wannan adashi ba za ta kwana a unguwa ba. Nan kuwa bene gare ta mai hawa talatin.

Kada ka ɗauka ni kaɗai ne baƙon da bai gane gari ba. 'Yan ƙasar sun fi ni jin haushi. Cikin kusan kowace dala shida da ke juyawa a arzikin Amurka, ɗaya a harkar lafiya take ƙarewa, ba ƙasar da ta kai su kashewa, amma mutanen Kanada da Japan sun fi su tsawon rai, kuma fiye da mutum miliyan 20 ba su da inshora ko ta sisin kwabo. A Disambar 2024 da aka harbe shugaban wani babban kamfanin inshora a titin Niyok, irin maganganun da mutane suka riƙa yi maimakon ta'aziyya sun ba ni tsoro. Kisa ba abin wasa ba ne, amma ranar na gane yadda ciwon ya ruɓe a zukata.

Gardamar kuma ta girmi Baffa. Tun 1945 Shugaba Truman ya ce a yi inshora ta ƙasa baki ɗaya, ƙungiyar likitoci ta ce gurguzu ne, magana ta mutu. A 1965 Shugaba Johnson ya samu ya yi wa masu shekara 65 zuwa sama tasu, Medicare, da ta talakawa, Medicaid. A 2010 Obama ya kawo dokarsa, wadda ta hana kamfani ƙin karɓarka don ka zo da tsohon ciwo, ta kuma ba jihohi kuɗi su faɗaɗa ta talakawa. Jihar da nake zaune ta ce ba ta so. Wajen zaɓen jiha ma ka ga ƙaninka bai yi sa'a ba. Sai wani dattijo mai farin gashi a hargitse, Bernie Sanders, da ya yi ta neman takara a 2016 da 2020 yana cewa a ba kowa irin ta tsofaffi a huta.

A wurin aikinmu akwai mutum biyu da ke wannan musu kullum, kamar ɗan PDP da ɗan APC a teburin mai shayi. Ɗaya ya ce Ingila tun 1948 kowa ke ganin likita ba a miƙo masa takarda, me ya gagari Amurka? Ɗayan ya ce a Ingila sai ka yi wata da watanni kana jiran tiyata, kuma shi ba zai biya haraji a yi wa malalaci magani ba. Abin dariyar, wannan na biyun ya tsani aikinmu kamar mutuwarsa, amma ba ya iya bari, don inshorar matarsa a jikin aikin take. Auren dole ke nan, da Turanci. Ni dai da suka tambaye ni, na ce mai sanduna biyu ba ya tsoron layi, takarda yake tsoro.

Ka san yadda suke yi in ciwo ya fi ƙarfin aljihu? Su sa hoton mara lafiya a intanet, a wani shafi GoFundMe, jama'a su yi karo-karo. Wato abin da muke yi a zauren WhatsApp na dangi, sai dai su ba su da Kawu mai karanta saƙo ya yi shiru.

Goggo kuwa, ko ta zo ba ta cikin inshorar tsofaffin nan, don sai wanda ya yi kimanin shekara goma yana aiki yana biyan haraji ake ba shi ita a sauƙaƙe. Gwiwarta ɗaya sai ta cinye gidanmu da gonar hanyar Mutum Biyu, har da awakin Adda.

Ga shawarata. Ka kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo a duba gwiwar, a ɗauki hoto, mu ji abin da likita zai ce. Sannan tunda Buhari ya sa hannu a dokar inshorar lafiya a 2022, wadda ta ce kowane ɗan Najeriya ya shiga, ka bincika yadda ake yi wa tsofaffi rajista. Amma ka tambaye su da kyau ko tasu uwar adashin tana biya ranar kwasa.

Kuɗin da na saba turowa zai ɗan rame na wata uku, motar jiniya ce ta ci rabonku. In an samu mai zuwa, a aiko mini da man zafi kwalba biyu da ganyen shayin Mambila. Kukar da daddawar da ke jakar Goggo ma a haɗo da su, kada su lalace.

Naka,
Ƙaninka mai sanduna biyu